BABI NA TAKWAS: DAMBE, MATA DA JINSI A HARSHEN HAUSA

8.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Hausa take rarrabe jinsin namiji da na tamace a cikin sunaye. A wannan babi za a ɗauki fage guda na rayuwar Bahaushe, wato dambe, domin a ga yadda wannan ƙa'ida take aiki a bakin masu sana'a, da kuma wuraren da take cijewa.

Abin da ya jawo zaɓen dambe shi ne wani abu da na gani da idona. Na je duba ɗalibanmu masu koyarwar gwaji a wata ƙaramar sakandare a ƙasar Roni, na tarar da ɗaya daga cikinsu yana koyar da wasannin gargajiya a aji biyu. Ya rubuta a allo: ɗan dambe, 'yan dambe. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, idan mace ce fa, yaya za a ce?" Aji ya fashe da dariya. Malamin ya ce, "Ke, zauna. Mace ba ta dambe." Ya ci gaba da darasinsa. Yarinyar tambayar nahawu ta yi, shi kuwa ya ba ta amsar al'ada, kuma ko ta fuskar al'adar ma amsar ba ta cika ba. Ana sa ran idan ɗalibi ya nazarci wannan babi zai iya amsa irin wannan tambaya ba tare da ya kunyata mai tambaya ba, kuma ba tare da ya faɗi abin da ba haka yake ba.

8.1 Dambe a Matsayin Sana'a

Dambe wasa ne na gwada ƙarfi da jarunta tsakanin mutum biyu, inda kowannensu yake naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle da zare ya kai naushi da shi, ɗaya hannun kuma ya miƙa shi gaba a buɗe ya zama garkuwarsa. Ana yin turmi uku. Wanda ya faɗi, ko hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan. Idan turmi uku suka cika ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa, a raba su.

A gargajiyance an fi danganta dambe da mahauta, kuma lokacinsa shi ne kaka, bayan an kawar da amfanin gona, hatsi ya shiga rumbu, kuɗi ya shiga aljihu. A lokacin ne 'yan dambe suke bin garuruwa da makaɗansu na kalangu, wanda dama shi ne kiɗan mahauta. Yankin da mafi yawan ɗalibanmu suka fito, wato Kazaure da Roni da Gwiwa a masarautar Kazaure, da Babura a masarautar Ringim, yanki ne na manoma da ke tsakanin Kano da Daura da iyakar Nijar, saboda haka ba a rasa dattijon da zai ba ɗalibi labarin damben kaka na ƙuruciyarsa.

Yau dambe ya koma gidajen dambe na birane, inda ake biyan kuɗin shiga, kamar na dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano da gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja. 'Yan wasa sun kasu ɓangarori, fitattu daga ciki su ne Kudu da Arewa da Guramada. Ana sa gasar babur ko ta mota, ana yi wa fitaccen ɗan wasa ajo, wato taron da ake shiryawa domin a tara masa abin hannu. A 2023 aka ƙaddamar da gasar Dambe Warriors League a Kano, wadda ake ɗauka a bidiyo ana watsawa ta intanet. Tun kafin wannan zamani kuwa waƙa ce take kai sunan ɗan dambe inda ƙafarsa ba ta taka ba. Da yawa daga waɗanda suka san Shago ba su taɓa ganinsa a fage ba, a bakin Muhammadu Bawa Ɗan Anace suka san shi.

8.2 Sunayen 'Yan Dambe da Ɗafin Nasaba

Ga mai nazarin harshe, babu abin da ya kai sunayen 'yan dambe daɗin dubawa. Ɗan dambe ba kasafai yake shiga fage da sunansa na yanka ba. Akan jingina shi ga ubangidansa, ko yayansa, ko garinsu. Dubi waɗannan sunaye na sanannun 'yan wasa:

(1) Autan Sikido
(2) Ali Ƙanin Bello
(3) Bahagon Sanin Kurna
(4) Garkuwan Cindo

Dukkansu an gina su ne da ɗafin nasaba -n, wanda yake haɗa suna da suna. A misali na (3) ɗafin ya zo sau biyu: Bahago na Sani, Sani na Kurna. Idan wannan ɗan wasa ya ɗauki yaro ya horar da shi, ana iya kiran yaron Shagon Bahagon Sanin Kurna, ɗafi uku ke nan a jere. Wato sunan da kansa salsala ce, yana gaya wa mai sauraro wanda ya koyar da wane. A lura cewa "shago" a nan ba shi da alaƙa da shagon tela ko na mai kanti, ko da yake a rubuce kamarsu ɗaya. Ita kuwa kalmar "bahago" ta samu ne daga ɗafa-goshin ba- da kalmar "hagu", ma'ana mai amfani da hannun hagu.

Misali na (4) shi ne ya fi bukatar tsayawa. Kalmar "garkuwa" jinsin tamace ce a daidaitacciyar Hausa. Muna cewa garkuwa ce, garkuwar sarki, garkuwata ta tsage. Bisa ƙa'ida ke nan da sai a ce "Garkuwar Cindo". Amma babu mai kallon dambe da yake faɗin haka. Wani zai iya cewa ai tasirin karin harshe ne, tun da a Zazzaganci akan ji -n a inda Kananci yake sa -r. Wannan bayani bai gamsar ba, domin Bakanon da ba ya taɓa cewa "rigan Audu" shi ne dai yake cewa Garkuwan Cindo, kamar yadda yake cewa Garkuwan Kano idan yana nufin mai riƙe da wannan sarauta. Abin da ya faru shi ne, da zarar kalmar ta bar nufin makami ta koma nufin mutum, sai jinsin mutumin ya rinjayi jinsin kalmar. Saboda haka muke cewa Garkuwa ya iso, ba ta iso ba. Masana suna bambanta jinsin nahawu da jinsin halitta, kuma a nan na halitta ne ya yi galaba.

Haka abin yake ga "auta". Kalma ɗaya ce ga namiji da mace, ɗafin nasaba ne kaɗai yake nuna bambanci: autan Ladi, autar Ladi. Malami zai iya koyar da wannan ƙa'ida gaba ɗayanta da sunayen da yara suka riga suka haddace daga bidiyon waya, maimakon misalan "littafin Audu" da suka gaji da ji.

8.3 Amsar Tambayar Yarinya

Yanzu a koma ga tambayar da aka yi a aji. Nahawun Hausa yana da amsa a shirye: ɗan dambe, 'yar dambe, 'yan dambe, kamar dai ɗan kasuwa da 'yar kasuwa. Haka kuma ana da bahaguwa da doguwa da gwarzuwa da jaruma. Da za a samu mace a fage, da sunanta zai kasance Bahaguwar wane, ko Autar wance, ita ce kuma za ta mayar wa "garkuwa" da -r ɗinta. Harshe bai hana komai ba a nan. Gurbin yana nan a buɗe, al'ada ce ta bar shi babu kowa.

Sannan cewa "mace ba ta dambe" ya ci karo da yadda Hausawa suke magana kullum. Muna jin ana cewa dambe ya kaure tsakanin kishiyoyi, ko 'yan mata sun dambace a bakin rijiya. Ashe kalmar tana da ma'ana biyu: dambe na faɗa, wanda kowa yana iya faɗawa cikinsa kuma abin kunya ne, da dambe na sana'a, mai ƙa'ida da kiɗa da kirari da kyauta, wanda Bahaushe ya keɓe wa maza. Mata suna nan a gefen fage a matsayin 'yan kallo da masu sayar da abinci da masu guɗa, suna nan kuma a gida a matsayin iyayen da hankalinsu ba ya kwanciya sai ɗa ya dawo. (Abin ban sha'awa, kalmomi biyu na tsakiyar wasan, turmi da zare, duk a hannun mata aka fi saninsu, wajen daka da kaɗi.)

Akwai kuma yadda harshen yake yaba wa mace idan ta yi abin bajinta. Sai a ce ta yi namijin ƙoƙari, ko ta yi ta maza, ko mace mai kamar maza. Yabo ne, amma mizanin da aka auna ta da shi na maza ne. Irin wannan shi ake nazari a ilimin walwalar harshe, wato yadda tsarin zaman jama'a yake barin sawunsa a cikin kalmomi.

8.4 Misali Daga Ƙasar Meziko

Domin ɗalibi ya ga yadda irin wannan gurbi yake cika a wata al'umma, za a kawo misali daga Meziko, ƙasar da ke kudu da Amurka, wadda mutanenta suke ji da damben zamani kamar yadda muke ji da namu. A babban birninta ne aka kafa Majalisar Dambe ta Duniya, wadda aka fi sani da WBC, a 1963. Amma a wannan birni dai, tun daga shekarun 1940 akwai dokar da ta hana mata shiga damben sana'a. Wato abin da al'ada take yi a wurinmu, su doka ce rubutacciya ta yi musu shi.

Laura Serrano, wadda aka haifa a 1967, ta yi karatun lauya a babbar jami'ar ƙasar, kuma a nan ta fara koyon dambe. Da yake ba ta da damar yin wasa a garinsu, sai ta tsallaka Amurka. Wasanta na farko na sana'a ta yi shi ne a Las Vegas a watan Mayu na 1994, da Christy Martin, wadda ta riga ta yi wasanni da dama ta yi suna. Alƙalai suka ce an yi canjaras, ko da yake da yawa daga 'yan kallo suna ganin baƙuwar ce ta yi rinjaye. A 1995, a wasanta na biyu kacal, ta doke Deirdre Gogarty 'yar ƙasar Ayalan ta ɗauki kambin duniya. Duk da wannan kambi, da aka sa sunanta cikin waɗanda za su yi wasa a birnin Meziko a watan Maris na 1998, a daren da shahararren ɗan dambensu Julio César Chávez zai kara, hukuma ta hana, ta kafa hujja da waccan tsohuwar doka.

A nan ne karatunta ya yi mata rana. Ta ƙalubalanci dokar da hujjar cewa ta saɓa wa tsarin mulkin ƙasar, wanda ya daidaita namiji da mace a gaban shari'a. Aka janye haramcin, kuma a watan Yuli na 1999 aka yi damben mata na farko da izinin hukuma a zauren Arena México, inda Ana María Torres ta yi nasara a kan Mariana Juárez. Dukkansu biyu daga baya sun riƙe kambin duniya. Ita Serrano, wadda ake yi wa laƙabi da mawaƙiyar fage saboda tana rubuta waƙoƙi, sai a 2023 aka shigar da sunanta zauren tunawa da gwarazan dambe na duniya da ke jihar New York. Torres ta bi bayanta a 2024.

Wadda ta fi cin moriyar wannan buɗi ita ce Jackie Nava, haifaffiyar 1980 a Tijuana (masu garin suna furta shi kamar "Tihwana"), gari na kan iyakar Amurka. Ta karanta zanen gine-gine, ta shiga damben sana'a a 2001. Ranar 30 ga Mayu, 2005 ta doke Leona Brown ta zama mace ta farko da ta riƙe kambin WBC, a ajin masu nauyin kimanin kilo 55. A 2011 ta kara da Torres har sau biyu, na farko aka yi canjaras, na biyu Torres ta yi nasara da maki. Daga 2015 zuwa 2018 ta zauna a majalisar wakilai ta ƙasarsu, sannan ta yi wasanta na bankwana a garinsu a 2022, tana da shekara 42.

A lura cewa ko a can ɗin ba a daidaita komai ba. A mafi yawan wasannin kambi mata suna yin turmi 10 na minti biyu-biyu, maza kuwa turmi 12 na minti uku-uku, kuma kuɗin da ake biyan mata bai kai na maza ba. Gasar Olamfik ma sai a 2012, a Landan, ta karɓi damben mata, inda Edith Ogoke ta wakilci Nijeriya a ajin kilo 75. Tsakanin wannan da lambar tagulla da Nojim Maiyegun ya ciwo wa Nijeriya a dambe a Tokyo a 1964 akwai shekara 48.

8.5 Matsalar Fassara

Ɗalibin da aka ba wa labarin Nava ya fassara zuwa Hausa zai yi tuntuɓe a wuri guda. Mun saba kiran wanda ya ci gasa "zakara": zakaran dambe, zakaran duniya. To amma zakara namijin kaza ne, kuma tamacensa ita ce kaza. Babu wanda zai ce Nava ta zama kazar duniya sai mai neman zaginta. Wasu 'yan jarida sukan rubuta "zakarar duniya", wato su bar kalmar yadda take su sa mata -r. Wannan bai saɓa wa abin da muka gani a 8.2 ba, hasali ma juyinsa ne: a Garkuwan Cindo namiji ya ja kalmar tamace zuwa -n, a nan mace ta ja kalmar namiji zuwa -r, kuma da yake kalmar ta ƙare da wasalin a, kunne bai cika ƙinta ba. Duk da haka a ra'ayina "gwarzuwa" ta fi dacewa a rubutun makaranta, domin tana da asali a harshen kuma ba ta jawo dariya a aji.

Laƙuban matan ma abin dubawa ne. Ana kiran Torres La Guerrera, wato mayaƙiya, Nava kuma La Princesa Azteca, wato gimbiyar Aztek, sunan tsohuwar daular ƙasar. Sifaniyanci, kamar Hausa, yana da jinsi biyu a cikin sunaye, kuma ya samar da sigar tamace ga ɗan dambe ta hanyar ƙara wasali a ƙarshen kalma. Amma a kwatanta ginin laƙabin nasu da namu. Nasu yana siffanta mai shi ne kai tsaye, namu kuwa yana jingina shi ga wani.

8.6 Malami a Gaban Aji

Ba manufar wannan babi ba ce a ce wa 'yan matan Gwiwa ko Babura su naɗa zare. Dambe, na gargajiya ne ko na zamani, wasa ne da ake nufin kai da fuska da duka, kuma malaman addini da yawa ba su yarda da shi ba ko ga maza, saboda hanin da aka yi na dukan fuska. Likitoci kuma suna da tasu hujjar: bugun kai a kai a kai yana illata ƙwaƙwalwa. A ƙarshen watan Agusta na 2021 wata yarinya 'yar Meziko mai shekara 18, Jeanette Zacarías Zapata, ta suma a fage a birnin Montreal na Kanada, ta rasu bayan kwana biyar a asibiti. Watanni kaɗan kafin nan an riga an yi mata mummunan bugu a wani wasa a ƙasarsu. Wanda zai ba da labarin Serrano da Nava, ya zama wajibi ya ba da wannan ma. Haka nan wanda zai koyar da kirarin 'yan dambenmu ya kamata ya gaya wa yara cewa akwai tsofaffin 'yan wasa da suka ƙare da karyayyen muƙamuƙi da mataccen ido, ba fansho ba ajo.

Abin da ake bukata daga malami shi ne ya rarrabe abu uku da ɗalibinmu na Roni ya cakuɗa: abin da nahawu ya yarda a faɗa, da abin da al'adarmu ta saba yi, da abin da yake faruwa a duniya. Da ya ce wa yarinyar, "Tambayarki ta yi kyau. 'Yar dambe za a ce. A ƙasar Hausa ba a saba mata su shiga fage ba, amma a wasu ƙasashe suna yi," da ya faɗi gaskiya uku a numfashi ɗaya, kuma da ya samu ƙofar shiga darasin jinsi kyauta. Na koma ajin bayan mako biyu. A darasin ranar yarinyar ba ta ɗaga hannu ba ko sau ɗaya.

8.7 Aikin Yi

1. Tattara sunayen 'yan dambe goma, na da ko na yanzu, daga bakin mahauta ko makaɗan kalangu na garinku. Fayyace ginin kowane suna, ka nuna ɗafin nasaba da abin da aka jingina sunan gare shi. Ka tambayi wane ɓangare kowannensu yake yi wa wasa.

2. Kawo kalmomi biyar na jinsin tamace, ban da "garkuwa", waɗanda ake yi wa namiji laƙabi ko sarauta da su. Wane ɗafi suke ɗauka a karin harshen garinku, -n ko -r ko wani daban?

3. Duba kalmomin dambe, turmi, shago da ajo a ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sannan ka kwatanta da yadda masu gidan dambe suke amfani da su a yau.

4. Tsara darasi na minti 40 ga aji biyu na ƙaramar sakandare a kan jinsi, wanda zai fara da tambayar da yarinyar nan ta yi.